Kuɗina ba su da yawa, me zan fara canjawa a kayan sautin gidana?

Mai tambaya ya ce yana da tsohuwar amfilifaya da ƙananan lasifikoki biyu da ya ajiye a cikin kantar katako. Daga wayar hannunsa yake sauraron waƙa ta Bluetooth, kuma ya jona talabijin ɗinsa da amfilifayar. Sautin bai gamsar da shi ba: murya ba ta fita tas, bas kuma wani lokaci ya cika ɗaki da rugugi, wani lokaci a neme shi a rasa. Ya tara ɗan abin da zai sayi abu ɗaya mai kyau, ko abubuwa uku masu dama-dama. Wani ya ce masa ya sayi amfilifaya mai wat da yawa, wani ya ce sabwufa, wato akwatin da ke fitar da bas zalla, wani kuma ya ce ya sayi saitin lasifikoki biyar ya huta.

Ɗan'uwa, ka riƙe kuɗin nan tukuna. A cikin mutanen ukun da suka ba ka shawara babu wanda ya tambaye ka girman ɗakinka, ko inda ka ajiye lasifikokin, ko inda kake zama in za ka saurara, alhali daga bayanin da ka yi, a nan nake zargin rabin matsalar take. Na daɗe ina haɗa kayan sauti ina gyara su, kuma abin da ya fi ba ni takaici shi ne in ga mutum ya kashe guminsa wajen canja akwatin da ba shi da laifi, ya bar wanda ke ɓata masa sauti yana nan daram. Sai an san ciwo ake sayen magani.

Sauti yana tasowa daga wayar hannu ko talabijin, ya shiga amfilifaya, ya wuce lasifika, ya ratsa iskar ɗaki, sannan ya iso kunnenka. Kowane mataki na iya taɓa shi, amma ɓarnarsu ba ɗaya ba ce. Kunne mai lafiya yana jin sauti daga kusan Hz 20, mafi kauri, zuwa Hz 20,000, mafi siriri, Hz kuwa shi ne yawan kaɗawar sauti a daƙiƙa. Amfilifaya mai lafiya, ko da mai araha ce, tana fitar da wannan zangon gaba ɗaya kusan daidai wa daida, bambancin bai kai desibel 1 ba, desibel shi ne ma'aunin ƙara. Lasifika kuwa abu ne mai motsi, takarda ko roba ce ke kai da komo cikin akwati, don haka ba abin mamaki ba ne ta ɗaga wani sauti ta danne wani da desibel da yawa. Ɗaki ya fi su duka ɓarna, musamman a bas, inda yakan ƙara wa wani sauti desibel 10 ya kuma haɗiye wani da fiye da haka. Don ka gane girman wannan, ƙarin desibel 10 shi ne abin da kunne ke ji kamar an ninka ƙara sau biyu. To ka ga inda ya kamata hankali ya fara zuwa.

Rugugin da ka ce yana zuwa yana ɓacewa, ga inda yake fitowa. Sauti yana gudun kusan mita 343 a daƙiƙa. Idan ya bugi bango ya dawo, sai ya ci karo da wanda ke tafe, kuma a kowane ɗaki akwai wasu sautuka da tsawonsu ya dace da tazarar bangon biyu, su ne ke tsayawa cak suna ƙaruwa. Lissafin mai sauƙi ne: ka raba 343 da ninkin tsawon ɗakin. Ɗaki mai tsawon mita 4 zai ba ka kusan Hz 43, wanda ya yi kusa da sauti mafi kauri a jitar bas mai tsirkiya huɗu, wato Hz 41. Wannan sautin yana taruwa a jikin bango, ya kusan mutuwa a tsakiyar ɗaki. Ka gwada da kanka yau: kunna waƙa mai bas, ka tsaya ka jingina da bangon baya, sannan ka tako a hankali zuwa tsakiya. Za ka ji bas ɗin yana zubewa kamar wani ya rage shi da hannu, ba tare da kowa ya taɓa komai ba. Babu amfilifayar da za ta gyara wannan. In ka sayi sabwufa ba ka san da shi ba, rugugin za ka ƙara.

Saboda haka aikin farko bai cin ko sisi. Sauke lasifikokin daga cikin kanta, domin katakon da ke kewaye da su yana amsawa yana dagula murya. Ka ja su daga bango ko da taku ɗaya ko biyu ne, kuma ka nisanta su da kusurwa, don kusurwa ita ce ta fi kumbura bas. In akwatin yana da rami a bayansa, wanda iska ke fita ta ciki, to ya fi buƙatar sarari. Ƙaramar lasifikar sama, tuwita, ta zo daidai da tsayin kunnenka lokacin da kake zaune, domin siraran sautuka a miƙe suke tafiya, in sun wuce ta saman kanka ko sun bugi gwiwarka ka yi asararsu. Tazarar da ke tsakanin lasifikokin biyu ta zo kusan daidai da tazarar kowaccensu zuwa kujerarka, ka ɗan karkato da fuskokinsu wajenka. Kujerar kuma kada ta manne da bangon baya, kada ta zauna a tsakiyar ɗaki tsaf. In an dace, muryar mawaƙi za ta tsaya a tsakanin lasifikokin biyu, a wurin da babu akwati ko ɗaya, har ka iya nuna ta da yatsa. Wanda bai taɓa jin wannan ba yakan ɗauka an canja masa kaya.

Kafin ka tashi daga wurin, leƙa bayan kayan ka duba wayoyin. Ja ya tafi ga ja, baƙi ga baƙi, a ɓangarorin biyu. In an juya ɗaya, lasifika ɗaya na turo iska ɗayar na ja, sai bas ya kashe kansa, murya kuma ta watse ta rasa mazauni. Ina yawan tarar da wannan a gidajen da aka rantse min amfilifaya ce ta lalace. In alamar wayar ta goge, cire ta daga amfilifaya, ka taɓa bakinta biyu da ƙaramin batir mai bolt 1.5 na ɗan lokaci kana kallon takardar lasifikar. In ta turo waje, to wayar da ke kan ɓangaren batir mai alamar tarawa ita ce ja.

Sai kuma ka tsaya a tsakiyar ɗakin ka tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi. In ka ji wani zirrr yana bin tafin, ɗakin ya yi tsirara da yawa, kuma wannan amsa-kuwwar ita ke cinye maka kalmomi a talabijin. Kafet mai kauri tsakaninka da lasifika, labule mai nauyi a taga, kujera mai laushi, kantar littattafai a gefe, duk suna aiki. Akwai dabarar madubi: ka zauna a kujerarka, wani ya riƙa jan madubi a jikin bangon gefe, duk inda ka hango lasifika a ciki, nan ne sauti ke fara dira ya dawo maka, nan za ka rataya abu mai kauri. Amma siririn soson nan da ake liƙawa a bango, da kwalin ƙwai, ba sa taɓa bas ko kaɗan. Siraran sautuka kawai suke sha, su bar maka ɗaki a dushe da rugugin yana nan.

Ka zauna da wannan sabon tsarin na mako guda kafin ka yanke shawara. Abin da ya rage yana damunka bayan nan, shi ne ainihin abin da kuɗinka za su yi wa aiki.

Maganar wat kuwa, a nan ake cin kuɗin mutane. Ninka ƙarfin amfilifaya daga wat 50 zuwa wat 100 desibel 3 kacal yake ƙarawa, ƙari ne da za ka ji amma ba zai girgiza ka ba. Kafin ka ji ƙara ta ninku sai ka ninka wat sau 10. Lambar da ta fi wannan muhimmanci tana jikin lasifikar ko takardarta: yawan desibel ɗin da take bayarwa da wat 1 a tazarar mita 1. Lasifika mai desibel 88 ta riga ta yi ƙara sosai da wat ɗaya tak, da wat 10 kuma ta kai 98. Mai desibel 85 tana buƙatar ninki huɗu na ƙarfin da mai 91 ke buƙata kafin su yi ƙara ɗaya. A zaman sauraro na yau da kullum wat kaɗan ake ci, sauran ajiya ce don bugun ganga da ke zuwa kwatsam. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa iyakar sauraro ga babba a desibel 80 na awa 40 a mako, don haka ƙarar da mutane ke neman saya da wat ɗari-ɗari ba ma wadda kunne zai jure ba ce. A ɗaki madaidaici, wat 30 zuwa 60 na gaskiya a kowane ɓangare sun wadatar da yawancin lasifikoki.

Na ce na gaskiya ne saboda lambobin da ake bugawa a kwali da manyan haruffa, masu PMPO a gefe, ba su da wani ma'auni da aka yarda da shi. Wadda za ka nema ita ce RMS, wato ƙarfin da take iya ci gaba da bayarwa, a om 8 ko om 4 (om ma'aunin turjiyar lasifika ga lantarki ne), ɓangarorin biyu suna aiki tare. In kana shakka, juya akwatin ka karanta abin da aka rubuta kusa da wayar wuta. Na'urar da ke jan wat 60 daga soket ba za ta ci gaba da fitar da wat 2,000 ba.

Yaushe ne amfilifaya ke da laifi? In sauti yana fashewa ya yi kaushi tun ba ka kai ƙarar da kake so ba, ƙarfinta ya ƙare, kuma ci gaba da matsa mata a haka shi ke ƙona tuwita. In tana zafi fiye da kima ko tana ɗaukewa, ka duba ko lasifikokinka masu om 4 ne ita kuma an yi ta don om 8. In ɓangare ɗaya ya fi ɗaya ƙara, ko tana ƙugi ko ba a kunna komai ba, ko maƙunnin ƙara yana ƙarce-ƙarce in ka murɗa, wannan aikin mai gyara ne, kuma sau da yawa wanke maƙunni ne ko canja 'yan kafasito da suka tsufa. In babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, bar ta ta ci gaba da aikinta. In ma ta mutu murus, ƙananan amfilifayoyin zamani da ake kira Class D, masu girman tafin hannu, suna mai da kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da suka ja zuwa aiki, ba sa zafi sosai, kuma ba su da tsada.

Inda nake so kuɗinka su tafi shi ne lasifikoki biyu masu kyau, kuma ina nufin mafi yawan kuɗin, ba kashi ɗaya cikin uku ba. Wannan ba son raina ba ne kawai. Floyd Toole ya shafe shekaru yana bincike a Hukumar Bincike ta Ƙasa ta Kanada kafin ya koma kamfanin Harman a 1991, yana zaunar da mutane a gaban labulen da sauti ke ratsawa amma ido ba ya gani, yana sa su zaɓi lasifikar da ta fi musu daɗi. Abin da ya fito shi ne yawancin mutane, gwanaye da waɗanda ba gwanaye ba, lasifika iri ɗaya suke zaɓa: wadda ba ta fifita wani sauti a kan wani, kuma abin da take watsawa gefe ya yi kama da abin da take turowa gaba. A 1994 shi da Sean Olive suka nuna cewa da zarar an ɗage labule mutane sun ga girman akwati da sunan kamfani, makin da suke bayarwa sai ya canja. Darasin da ke ciki gare ka biyu ne: kyawun lasifika abu ne da ake aunawa, don haka ka nemi sakamakon awon wadda kake so a intanet kafin ka saya, sannan kada ka yarda idonka ya yi wa kunnenka zaɓi.

Ga ɗaki madaidaici, lasifikar kan kanta mai wufa (babbar lasifikar da ke fitar da bas) inci 5 zuwa 6.5, a ɗore kan ƙafa mai ƙarfi, ta fi doguwar lasifika mai araha da aka cika da wufa uku cikin siririn katako. Ƙwanƙwasa gefen akwatin da gaɓar yatsa. In ya yi amo kamar fanko, zai riƙa yin nasa kiɗan a kan naka. Akwai kuma wata hanya in amfilifayarka ta gaji: lasifikokin situdiyo masu amfilifaya a cikinsu, irin su JBL 305P ko Yamaha HS5 ko Kali LP-6. Suna ba da sauti mai tsabta a kan kuɗinsu, sai dai kowacce tana buƙatar soket nata, kuma sai ka tanadi abin da za ka riƙa rage ƙara da zaɓar na'ura da shi.

Na hannu ma hanya ce mai kyau, don lasifika ba ta tsufa da wuri kamar wayar hannu, mai shekara 15 da aka riƙe da kyau tana iya doke sabuwa mai kuɗi ɗaya. Amma cire ragar gaban ka duba da idonka. Zoben da ya kewaye takardar wufa, in na roba ne yakan daɗe. In na soso ne, shafa shi da ɗan yatsa a hankali. Wanda ya ruɓe za ka ji yana danƙo, ko ya marmashe ya bar maka baƙin gari a yatsa. Ana canja shi, amma a rage maka kuɗin. Sannan ka buɗe yatsunka ka danna takardar a hankali daidai ta kowane gefe: ta shiga ta fito sumul, in ka ji tana gurzar wani abu a ciki, wataƙila wayar cikinta ta taɓa ƙonewa, ka bar ta. Daga ƙarshe a kunna waƙa a hankali ka kai kunnenka bakin kowace tuwita, don tuwita na iya mutuwa mai kayan bai ma sani ba.

In za ka gwada biyu, tafi da waƙoƙin da ka haddace, har da wani abu mai magana zalla, domin kunne ya fi sanin muryar mutum fiye da kowane kayan kiɗa. Kuma ka tabbata ƙararsu ɗaya ce. Wadda ta ɗara da ko desibel 1 sai ta yi kamar ta fi kyau, ba don ta fi ba. Lasifikar da ta burge ka a minti na farko da ƙyalƙyalin sama da dukan bas, sau da yawa ita ce ke gajiyar da kunne bayan awa guda.

Saitin lasifikoki biyar da sabwufa, a kuɗin da ka faɗa, raba su ne gida shida, ka samu akwati shida da babu na kirki a ciki, ga wayoyi sun zagaye ɗaki. Waƙa kusan duk don lasifika biyu ake haɗa ta. Ban hana ka ba nan gaba in fim ne ya fi cin lokacinka, amma ba yanzu ba.

Sabwufa kuwa tana da wurinta, sai dai ita ce ta biyu a layi. Ƙaramin akwati ba zai ba ka bas mai zurfi da ƙara mai yawa a lokaci guda ba, wannan dokar kimiyya ce, don haka wata rana za ka so ta. In lokacin ya yi, ka saita ta ta karɓi abin da ke ƙasa da Hz 80 ko kusa da haka, ka rage ta har sai ka daina jin daga inda take, sai in an kashe ta ka ji an rasa wani abu. Wajen nema mata mazauni, ɗora ta a kan kujerar da kake zama, kunna waƙa mai bas, ka durƙusa ka bi gefen bango kana saurare. Inda ka ji bas ɗin ya fito daidai, kowane sauti da nasa nauyin, nan ne gidanta. Ka kuma duba tun kafin saye ko amfilifayarka tana da mafitar sabwufa. In babu, nemi wadda ke karɓar wayar lasifika kai tsaye. Mai arahar gaske wadda sauti ɗaya kawai ta iya, bum-bum ko me ake kaɗawa, gara babu da ita.

Saura abin da kake ciyar da kayan da shi. Faifan CD, wanda Sony da Philips suka fitar a 1982, yana ɗauke da kilobit 1,411 a daƙiƙa. MP3 mai 320 ko 256 da wuya kunne ya bambanta shi da wannan, amma waƙar da aka matse zuwa 64 ko 96, aka tura ta daga waya zuwa waya, ta riga ta mutu, kuma lasifika mai kyau tona mata asiri za ta yi. Ka shiga saitin manhajar da kake sauraro da ita ka ɗaga ingancin zuwa na sama. Bluetooth ma matse sauti yake yi, kuma yana da yaruka daban-daban na yin hakan, irin su SBC da LDAC. SBC da kowace na'ura ke da shi bai kai LDAC ba, wanda ke iya kai wa kilobit 990, kuma dole wayar da mai karɓar duk su san yaren kafin ya yi aiki. Mafi sauƙi shi ne ka jona wayar da igiya, ko da ta ɗan ƙaramin adaftan USB-C ne, ka ji ko akwai bambanci. Talabijin kuma, in ta hanyar waya mai haske ko HDMI ARC kake ɗauko sautinsa, shiga saitinsa ka zaɓi PCM ko sitiriyo, sannan in yana da zaɓin ƙara fitowar magana ko yanayin dare, kunna shi. A fim, magana tana zaune ne a layin lasifikar tsakiya, kuma in aka haɗe layuka shida zuwa biyu takan nutse ƙarƙashin kiɗa da harbe-harbe.

Wayar lasifika kada ta ci maka kuɗi. Jan ƙarfe zalla mai kaurin milimita murabba'i 1.5 ya isa ga 'yan mitocin da ke cikin ɗaki, in tafiyar ta yi nisa ka ɗauki 2.5. Abin lura ɗaya ne: kankare bakin wayar da wuƙa, in ka ga fari a ƙarƙashin jan, alminiyam ce aka lulluɓe da jan ƙarfe, sai ka ɗauki wadda ta fi kauri ko ka nemi ta gaske.

A halin da ka bayyana, ga abin da zan yi da ni ne. Wannan makon in gyara mazaunin lasifikoki da kujera, in duba ja da baƙi, in shimfiɗa kafet, in gyara saitin talabijin da na manhaja. In amfilifayar ba ta nuna ko ɗaya daga alamun da na faɗa ba, in bar ta, in zuba kusan duk abin da na tara a lasifikoki biyu da ƙafafunsu, ragowar in sayi waya da adafta. Tsofaffin lasifikokin kuma kada ka sayar da su da garaje. In wata rana ka koma saitin fim, su ne za su zauna a baya. In ka aiko min da tsawon ɗakin da faɗinsa, da abin da aka rubuta a bayan amfilifayar da lasifikokin, zan lissafa maka sautukan da ɗakin ke kumburawa da girman wufar da ta dace da shi.